Na Sayo Inji Biyu, Jikata Tana Ta Ramewa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana, don a ƙauyenmu ko atishawa na yi sai an kai labarinta Kusada. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci kawai na zamna, shi ma ban kai ƙarshe ba malamin ya ce ko ni ko shi. Da yatsa guda nake latsa wanga saƙo.

Ni dattijo ne, na haura sittin, manomi a wani ƙauye gefen Mawashi. Kowa ya san ni da tsokana, in ka ji ana dariya gindin bedi to ni ne na taɓo wani. Amma kwanan nan tsokanar ta gagare ni, na gaji.

Mai ɗakina ta rasu bara waccan, Allah Ya jiƙanta. Autana yana Kudu yana nema, sai salla salla muke ganinshi. Gidan ya rage daga ni sai matarshi sai ɗiyarsu ta fari, wata takwas, wadda nake kira amaryata. Surukar nan tawa shekara uku tana gidana, wallahi ban san kalar idonta ba. In za ta gaishe ni daga bayan zana take durƙusawa, in ta kawo tuwo ta aje bakin zaure ta gudu kamar ta aje wuta. Da marigayiya na da rai ita ke kai magana ta kawo magana tsakaninmu, ban taɓa sanin aiki take yi ba sai da ta tahi.

Da yarinya ta cika wata shida, uwar ta kai ta awo asibiti, aka ba ta takarda. Ba ta iya miƙo mani ba, sai na buɗe faifan tuwona na ga takarda a ninke ƙarƙashi. Na zamna na haɗa baƙaƙe har tuwon ya huce. An ce ban da nono a fara ba yarinya kunun gero da waken suya da gyaɗa, a niƙa su luƙwi, a riƙa dama mata kabewa da dankali da ɗan kifi, kada ta ji tsaki ko ɗaya a baki. Na ce to, wanga ai aikin kaka ne.

Ranar kasuwar Kankia na shirya na tahi. Wani mai shago ya nuna mani bilenda, ya jefa karas ciki ya latsa, kafin in ce bisimilla karas ya koma ruwa. Jama'a, tsufa bai hana ƙauyanci. Na tsaya baki buɗe har da cewa ya ƙara. Ban lura janareto ne ke ruri bayan shagon ba. Mu kuwa ƙauyenmu akwai turakun lantarki da waya, amma tsuntsaye kaɗai ke cin moriyarsu. Na dai tambaye shi ko za ta yi da 'yar solar da muke cajin waya, ya ce Baba ai wuta wuta ce. Na rungumo ta a kwali kamar na ɗauko jinjiri.

Na aje ma surukata bakin zana. Bayan kwana biyu na yi gyaran murya na ce, ɗiyata, abin nan yana yi? Ta ce yana yi Baba, an gode, Allah Ya ƙara girma. Shi ke nan na fita majalisa na cika baki, na ce amaryata abincin Turawa take ci, su jikokinsu sai gayan tuwo. Sati uku ina wannan burga.

Sai wata rana na ce a raina wai ni kam, abin da ya yi ƙara kamar mashin a shago, ya aka yi ban taɓa jin motsinshi a gidana ba? Akwai maƙwabciyarmu mai ƙosai, bari in kira ta Tabawa, ita ke shiga cikin gidan. Na tare ta na tambaye ta. Matar nan ta aje tire ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Malam ai bilendarka tana can saman jere, tsakiyar kwanukan aure, an lulluɓe ta da ƙyalle mai fulawa, ta fi komi kyau a ɗakin. Ashe ranar farko aka jona ta a sola, ta yi wani ɗan nishi, ƙwan ɗakin ya mutu, ba a sake taɓa ta ba.

To mi yarinya ke ci duk wanga lokaci? Tabawa ta ce uwar ta gwada daka a turmin gidan, turmin da ya shekara ashirin yana shan barkono da daddawa, ko an wanke shi sau goma yaji na nan cikin icen. Yarinya na kai cokali baki sai ta furzar ta sa kuka. Ta kai injin niƙa na gari, mai inji ya ce ba ya tada inji don gwangwani biyu, kuma in ya tada, bayan tattasan mutane zai zuba. Sai ta haƙura ta koma ba ta koko tsararo, ruwa ruwa, ba gyaɗa ba wake. Duk wannan ana yi ni ina bakin zaure, taku goma tsakaninmu, ina yi ma mutane gori.

Kuskurena shi ne Tabawa na tambaya, don bakinta rediyo ne. Kafin la'asar duk matan gari sun ji, suka riƙa shiga kallon jere. Tun ranar surukata ta daina gaya ma Tabawa komi, wato 'yar ƙofar da nake jin gaskiya ta nan ma na toshe ta da hannuna.

Na koma Kankia karo na biyu, na ce yanzu na yi wayo, na sayo injin hannu, irin mai mariƙi da ake ɗaurewa a bakin tebur. Sai da na iso gida na tuna ba mu da tebur. Na cire allon benci na kai mata. Kwana biyu na tambaya, amsa ɗaya, yana yi Baba. Wanga karon ban yarda ba, na ce ta turo mani shi zan sa mashi mai. Na rufe zaure na zuba soyayyen wake na hau juyi, kafaɗata na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Abin da ya fito tsaki ne wanda ko kaza sai ta sha ruwa, ga wani baƙi baƙi na ƙarfe a ciki. Ina cikin haka liman ya turo ƙofa ba shiri, ya gan ni zaune na ware ƙafa ina niƙa. Yanzu a majalisa sunana mai jego, in na iso sai su ce a matsa ma mai jego, ina kwanan jinjiri. Na san bashin bakina nake biya.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne awon makon jiya. An sa ma yarinya wannan 'yar igiyar awo a dantse, ta nuna ruwan ɗorawa, kusa da ja. Matan da suka je tare su suka kawo labari, wai malamar asibiti ta yi ma uwar faɗa gaban kowa, ta ce ƙyuya ce ta hana ta bin takarda. Ta sunkuyar da kai ta shanye, ba ta ce uban mijina ne ke sayo shirme ba. An ce su dawo bayan sati biyu, in ba ta ƙaru ba za a kwantar da ita.

Na kira autana muka yi ta sama sama a waya. Shi yana ganin na tsaya wasa da lafiyar ɗiyarshi, wai in sayo bilenda mai caji ya gani a waya, ni kuma na ce da ya damu da sai ya zo ya ga gidan da ya bar mani. Ya ce ya tambayi matar ta ce komi lafiya. Ashe shi ma ba ta son ta kai ƙarar ubanshi wurinshi. Muka kashe waya ba sallama, abin da ba mu taɓa yi ba.

Jiya na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo surukata gidan nan. Na wuce zana na tsaya ƙofar ɗakinta na yi sallama, na ce ta dubi Allah ta gaya mani abin da take so, ni ba zan ji haushi ba. Na ji ta tana kuka ciki, ta ce duk abin da kuka kawo mai kyau ne. Na juyo da kunya kamar na fita ba wando. Ban ga laifinta ba, haka aka rene ta, kuma da ɗiyata ce a gidan wani haka zan so ta yi. To amma kunyar nan jikin yarinya take ci.

Yanzu kowa da tashi. Ɗana ya ce mai caji, ni kuma ina tsoron ko ruwa ruwa kaɗai take iyawa, busasshen wake ya gagare ta. Tabawa ta ce in sa a sassaƙa sabon ɗan turmi na yarinya ita kaɗai, da rariya mai laushi, a daina wahalar da kai. Liman ya ce dutsen niƙan marigayiya na nan bayan rumbu, da shi ta reni 'ya'ya tara, amma yaran yanzu wa ya koya masu niƙa a dutse, ni kuma ba zan durƙusa gaban surukata in nuna mata ba.

Iyaye mata na wannan zaure, ku da kuka yi reno inda babu wuta, wanne ne cikin waɗannan ke fitar da gari luƙwi da gaske? Kuma ku da kuka zamna da suruki, in ke ce, ta wace hanya za ki iya sanar da shi abin da ya kawo bai yi ba, ba tare da kin ji kin yi rashin kunya ba? Jibi kasuwa, kwana tara suka rage a koma awo. Yau da safe da aka miƙo mani yarinyar na zagaye dantsenta da yatsuna biyu, suka haɗu har da saura. Ba ni da halin kuskure na uku. Mi zan ɗauko?