Ranar da Gabana Bai Faɗi Ba

Talata Mafara,
Asabar, 18 ga Satumba.

Zuwa ga mai ɗakina Baturiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da gajiyar jinya. Yaya jikin Inna? Kumburin ƙafar ya sauka? Tana iya cin tuwo, ko har yanzu sai kunu? Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da mahaifiyata a Maradun, alhali ni da ta haifa ina zaune a nan. Mu lafiya lau muke. 'Yarmu Firdausi tana riƙe da gida yadda kika koya mata, sai dai hannunta yana da nauyi wajen gishiri.

Tun da aka katse layukan waya a jihar nan ba ni da hanyar jin muryarki, shi ya sa na koma ga takarda. Malam Tijjani direba ne zai miƙa miki ita.

Na san kin zuba ido jiya, kamar yadda na yi alkawari. Wajibi ne in yi miki bayani filla-filla, don kada ki ɗauka sakaci ne. Na shirya tun bayan sallar asuba, na ɗaure buhun shinkafar Inna da kaina. Ina sa takalmi, gabana ya faɗi. Na daure na fita. A ƙofar tasha ya sake faɗuwa. Da na ɗora ƙafa a cikin mota sai ya faɗi na uku, har gumi ya jiƙa mini taguwa, numfashina ya riƙa sarƙewa. Na sauko. Shinkafar ta tafi, ni na dawo gida.

Kin san ƙasidar nan ta alamomin jiki da na saya a ƙofar masallaci. A shafi na tara an rubuta cewa faɗuwar gaba sau uku kafin tafiya gargaɗi ne. Kada ki yi saurin cewa camfi ne. Ni na gani da idona. Bara, ranar da 'yan bindiga suka kashe Yaya Gidaɗo a gonarsa ta Gidan Goga, tun da hantsi gabana yake faɗuwa. Wanda aka taɓa yi wa ishara ta tabbata, ba shi da hujjar yin kunnen uwar shegu da ta biyu.

Ki ce wa Inna ina nan tafe da zarar zuciyata ta ba ni izini. Ki riƙa ba ta maganin bayan ta ci wani abu, kamar yadda aka rubuta a jikin kwalin.

Mijinki mai kewarki,
Mas'udu.

Bakura,
Litinin, 27 ga Satumba.

Zuwa ga mai ɗakina Baturiya,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da tambayar lafiyarki da ta Inna da duk mutanen gida. Amsarki ta iso ni ranar Alhamis, na karanta ta sau huɗu. Kin ce Inna ta daina karɓar kunu daga hannun kowa sai naki, kuma duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga kai. Abin da ya fi tsaya mini shi ne tambayar da kika ce ta yi miki: "Shin Mas'udu hushi shikai da ni?" Wallahi, Baturiya, tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Ranar Juma'a na sake gwadawa. Ko tasha ban kai ba.

Yau na zo duba shinkafarmu a Birnin Tudu, sai na biya ta wajen abokin karatuna Mustapha, wanda yake aikin lafiya a nan Bakura, don ya auna mini jini. Na tabbata ciwon zuciya ne ko wani abu makamancinsa. Ya auna, ya saurari ƙirjina, ya ce ba abin da ya gani. Da na ba shi labari sai ya yi dariya, ya ce, "Kai alƙalin ruwa, wannan zuciyar taka 'yar Bakura ce ke nan? Ka biyo hanyar nan yau ba ta ce uffan ba, alhali ita ma ba a rasa tsoro a kanta. Sai an ce Maradun take tashi?" Na ji haushi ƙwarai.

Daga nan ya daina wasa. Ya ce a ganinsa tsoro yana iya riga tunani zuwa: jiki ya fara firgita, sannan hankali ya shiga neman dalilin da zai ba firgicin, idan ya samu kuma sai ya riƙe shi a matsayin gaskiya. Ya ce ya sha ganin haka ga mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa. Ya ba ni wata ƙasida mai shafi shida a kan haka. Yanzu ina da ƙasida biyu a aljihu guda, kowace tana ƙaryata 'yar'uwarta.

Akwai abin da na faɗa masa wanda ban taɓa faɗa miki ba, kuma ina jin nauyin ya riga ki ji. Ranar da Yaya ya rasu, wayata tana aljihuna, da kati a cikinta. An yi mini ishara tun da hantsi, ban kira shi na ce kada ya fita gona ba. Shekara guda da wata guda ke nan ina ɗauke da wannan. Ta yaya zan zauna a gaban Inna, ta sa mini albarka, alhali na san da na danna waya da ɗanta na fari yana raye? Matar da kunya ba ta taɓa barin ta kama sunansa ba, yanzu ko kukansa a ɓoye take yi.

Mustapha ya tambaye ni ko ina rubuta littafina na kullum a lokacin. Na ce shekara tara ban tsallake rana ba, tun da manoman layinmu na madatsar ruwa ta Bakolori suka ɗora mini tsara rabon ruwa. Ya ce, "To, je ka buɗe shafin ranar. Mutumin da yake rubuta ciwon haƙorinsa ba zai manta da ishara ba." Na ce masa ba na buƙatar takarda ta tuna mini abin da nake gani kullum a idona. Gaskiyar magana, littafin bara yana ƙasan adaka, ban sake taɓa shi ba tun ranar sadakar bakwai.

Ki gaishe mini da Inna. Ki rantse mata ba fushi nake yi ba.

Naki a kullum,
Mas'udu.

Tashar Talata Mafara,
Juma'a, 1 ga Oktoba.

Zuwa ga mai ɗakina Baturiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da Inna. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun, a kan cinyata nake yin sa.

Kwana uku ina zagaya adakar nan. Jiya bayan la'asar na buɗe ta. Kin san bayan azahar nake cika shafin kowace rana. Ga abin da na samu, harafi da harafi: "Laraba, 12 ga Agusta. Yayyafi da safe. An gama cire ciyawa a fadama ta gabas. Baturiya ta yi dambun zogale, na yi ƙari. Jiki lafiya, rai fes."

Rai fes, Baturiya. Da hannuna na rubuta, awa uku kafin labari ya iso mu. Na duba shafukan baya har na wata biyu, na ga ciwon haƙori, na ga mura, ban ga faɗuwar gaba ko sau ɗaya ba. Wurin da ta fara bayyana shi ne shafin Alhamis, washegari, tun ba a yi jana'iza ba, muna kan hanyar kai gawa Maradun. Daga nan kuma kusan kowane shafi, har ranar sadakar bakwai da na canja littafi.

Har yanzu idan na rufe ido ina ganin kaina a tsaye a bakin gona ranar Laraba, na dafe ƙirji. Amma ban yi haka ba. Baƙin ciki ne ya ɗauko faɗuwar gaban Alhamis ya mayar da ita Laraba, ni kuma na yarda, na gina laifi a kanta, na yanke wa kaina hukunci. Ba a gargaɗe ni ba. Ba abin da na ɓoye wa Yaya.

Ba zan ce miki na samu sauƙi gaba ɗaya ba. Wani sabon tsoro ya zo: ashe idan abu zai faru a hanya, ba wanda zai sanar da ni. Da ina ganin ina da mai gadi a ƙirji, yanzu na san ba ni da kowa sai Allah, kamar kowane fasinja. Na tambayi Malam Tijjani halin hanya, ya ce motoci biyu sun zo daga can da safen nan lafiya. Wannan labari ne na gaske, shi na riƙe. Na kuma yi wa Mustapha alkawarin komawa wajensa idan na dawo, domin ya ce irin wannan firgici ana samun taimako a kansa.

Ina sa takalmi ɗazu gabana ya faɗi. A ƙofar tasha ya ƙara. Na uku ya same ni a nan kujerar baya, kusa da taga, tsakanin wata tsohuwa da kwandon albasarta. Tafin hannuna ya jiƙe, kin ga shaidarsa a gefen takarda. Malam Tijjani ya leƙo ya ce, "Malam Mas'udu, yau ma shinkafa ce kaɗai za ta yi tafiyar?" Na ce masa ya ja ƙofa.

Na rubuta duk wannan ne don na san a gaban Inna bakina ba zai iya ba. Wannan wasiƙar ba direba ne zai kawo miki ita ba. Idan kin ji mota ta tsaya, ki bar Inna ta ɗaga kai, kuma ki ajiye kunun, ni zan ba ta.

Mijinki,
Mas'udu.