Ku Biyo Mana Da Ita Ta Ƙofar Kasuwa

Cikin alhini mai nauyi, da zukatan da har yanzu suka ƙi yarda, Ƙungiyar Mata 'Yan Kasuwar Nsuano, ƙarƙashin jagorancin Uwar Kasuwa, Nana Adwoa Pokuaa, tare da sarauniyoyin layin doya, da na tumatir, da na ayaba, da na busasshen kifi, ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma garkuwarmu, Mai Girma Honarabul Yaa Afrakoma Boadi-Twum, 'yar majalisar dokoki ta ƙasa mai wakiltar mazaɓar Nsuano, wadda mu a nan ba mu san ta da wani suna ba sai Anti Yaa. Labarin ya iso mana ne ta hanyar da komai yake iso mana a watannin nan, wato ta saman katangar kwanon da aka zagaye mu da ita.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga babban danginta, Opanin Kwadwo Ntiamoa, da maigidanta, da 'ya'yanta da jikokinta, da masu girma abokan aikinta a majalisa, da ɗaukacin jama'ar wannan mazaɓa, maza da mata, waɗanda suka zaɓe ta da waɗanda suka yi adawa da ita.

Marigayiya Mai Girma 'yar kasuwar nan ce tun daga tushe, domin a ƙarƙashin teburin mahaifiyarta, a layin kifi, ta koyi rarrafe, kuma ko da ilimi ya kai ta inda ya kai ta, ba ta taɓa ɓoye wannan asali ba. Muna sane da ranar da wani ɗan majalisa ya toshe hanci ya ce zauren ya ɗauki ƙarnin kifi, ita kuwa ta miƙe a nutse ta ce masa: "Ranka ya daɗe, ƙarnin nan ne ya yi mini karatu, kuma shi ne a cikin miyar da ka sha jiya." Daga ranar ba a ƙara toshe mata hanci ba.

Ita ce ta tsaya kai da fata har aka daina rubuta rumfar mace da sunan mijinta, abin da ya sa a da, da zarar miji ya kwanta dama, sai ɗan 'yar'uwarsa, wanda shi ke gado a al'adarmu, ya zo da mukulli ya ce gadonsa ne, matar da ta tsufa a rumfar ta koma talla a bakin titi. Ita ce ta hana tsare motocin tumatir a shingayen hanya har kaya su ruɓe, ita ce ta sa aka daina shure farantan masu talla da takalmi, kuma ita ce ta gina ɗakin renon da ya ba mu damar sauke goyo mu yi ciniki da hannu biyu.

Sai dai aikinta na ƙarshe shi ne wanda ajali ya katse, kuma dole mu faɗe shi a nan domin jama'a su fahimci halin da muke ciki. Sa'ad da aka sayar da filin kasuwarmu ga wani kamfani mai son gina dogayen shaguna, marigayiya ta kai ƙara, alƙali ya ce kada a taɓa rumfar da mai ita ke zaune a ciki har a gama shari'a. Kamfanin ya ɗauki hukuncin ta ɗaya gefen: duk rumfar da aka samu babu kowa, tasu ce. Suka kafa katanga, suka bar ƙofa ɗaya da masu gadi, wadda ta fita kuma ba ta dawowa. Eno Gyamfuaa mai barkono ta fita raka 'yarta haihuwa, ta dawo ta tarar da rumfarta a ƙasa. Yanzu haka tana can waje da faranti, ita ke miƙo mana ruwa da labari. Mu kuwa a nan muke ci, a nan muke kwana, muna miƙa kaya ta saman kwano, jikokinmu suna gaishe mu ta ramin ƙusa.

A zuwanta na ƙarshe, ta rame har zane ba ya zama a jikinta, marigayiya ta zauna a kan kifaffen baho, ta ci dafaffiyar ayaba da miyar ganyen gwaza tare da mu, sannan ta ce: "'Yan'uwana mata, ku buɗe kunne. Kada wadda ta ɗaga ƙafa daga rumfarta. Ko gobara aka ce, ku ga hayaƙi tukuna. Ko ce muku aka yi na mutu, ku yi kukanku a zaune." Sarauniyar tumatir ta ce: "Haba Anti, bakinki ya sari ɗanyen kashi! Ke da za ki binne mu duka?" Muka yi ta dariya. Wallahi ba mu san wasiyya take bar mana ba.

Kowa a ƙasar nan ya san abin da al'ada ta ɗora mana idan 'yar kasuwa ta rasu: a rufe kaya da baƙin zane, a kulle kasuwa, mu kai soso da sabulu da turaren wankanta da hannunmu, mu ɗaura ja da baƙi, mu raka ta ba takalmi har bakin kabari. Mun yi wa mai sayar da gishiri, mun yi wa mai shara, yau ga shi za a binne wadda ta fi kowa cancanta ranar Asabar, kuma ba za mu zo ba. Muna jin abin da ake faɗa a gari, cewa matan Nsuano butulai ne, kuma maganar tana ci mana rai fiye da yunwa da sauro.

Muna so dangi su san cewa shekaranjiya wakilin kamfanin ya zo da baƙin zane a kafaɗa, fuska a sunkuye, ya ce sun tanadi manyan motoci kyauta da za su kwashe mu gaba ɗaya zuwa jana'iza, kada a bar ko mutum ɗaya a baya. Uwar Kasuwa ta dube shi ta ce: "Mun gode, ɗana, Allah ya yi albarka. Katafilar da kuka ajiye a bayan coci fa, ita ma jana'izar za ta?" Ya juya ya tafi, har yanzu kuma katafilar tana nan.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya ba Mai Girma Honarabul Yaa Afrakoma Boadi-Twum hutawar da ba ta samu a duniya ba, ya ba iyalanta da danginta haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi, ya kuma taɓa zuciyar ko mutum ɗaya daga cikin abokan aikinta ya ɗauki shari'ar daga inda ta ajiye.

A ƙarshe, da gwiwoyinmu a ƙasa, muna da roƙo guda ga Opanin Ntiamoa. Kayan wankanta suna hannun Eno Gyamfuaa, ita za ta kawo a madadinmu. Ranar Asabar kuma, in an fito daga coci, don girman Allah kada a bi babban titi. Ku biyo mana da ita ta ƙofar kasuwa, direba ya rage gudu. Ba za mu fito ba, ba za mu taɓa akwatin ba. Kowace mace za ta hau teburinta cikin ja da baƙi, inda kanta zai leƙo ta saman katanga, domin Anti Yaa ta duba da kyau ta ga babu wadda ta tashi.

Sa hannu:
Akosua Frimpomaa Kyei,
Kakakin Uwar Kasuwa,
Ƙungiyar Mata 'Yan Kasuwar Nsuano,
Layin Kifi, cikin katanga.