A Ara Mani Ƙahona Har Ramatu Ta Sauka

Zuwa ga mai girma shugaban masu tsaron daji da namun dawa na wanga yanki namu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da yaran da ke aiki ƙarƙashinka. Ina gajiya, ina ɗawainiya. Ni ce Maimuna ungozoma ta Garu. Ban yi lakwal ba, wato boko, ɗiyar maƙwabciyata na sa ta zamna tana rubuta abin da nike hwaɗi, na ce kuma a karanta shi inda kowa ka ji, don maganar ba ta ɓoye ba ce.

Na hwarko, abin da ya hwaru. Ran Juma'a, sati biyu bayan ƙaramar salla, na hau kabu-kabu zan tahi Malanbil wurin jikata Ramatu, wadda cikinta ya tsuhwa. Yaranka sunka tsaida mu bisa hanya suna neman naman daji. Sunka kwance ƙunshina, sunka ga ɗan ƙaho baƙi, gajere, wanda anka rarake kamar moɗa, bai cika tahin hannu ba. Guda ya tambaye ni na mi ne. Da na ce na saniya ne, da na wuce. Amma ni tun tasowata abin alhwahari ne gidanmu, sai na buɗe baki na ce ƙahon karkanda ne, har ina gyara mayahi. Sunka dubi juna, sunka tahi da ni biro, wato ohishinku. Ba wanda ya zage ni, har ruwa sunka ba ni. Ƙahon dai sunka riƙe.

Na biyu, inda ya hito. Uban kakata ya tahi Makka da ƙahwa, ya yi shekaru bisa hanya. Can ya zamna da waɗansu alhazai da ake ce ma mutanen Jawa, gare su ya samo shi. Kakata ungozoma ce, uwata ma haka. In naƙuda ta yi tsawo, sai a zuba ruwa ciki, a yi bisimilla, a ba mace ta kurɓa. Shi ke nan aikinshi. Ba mu taɓa kankare shi ba, ba mu taɓa saida ko ƙwarzane ba. Ni ban ce shi ka hiddo ɗa ba, Allah ka hiddo ɗa. Amma na ga macen da ke makyarkyata ta sha, kahwaɗunta su sauka, ta hwara nishi yadda ya kamata. Ko malamar gidan likita ba ta hana ni, wankewa kawai take sa ni yi gabanta.

Na uku, kuma nan ne nike son ka saurara, ranka shi daɗe. Shekaruna duka ina riƙe da ƙahon ga, ban taɓa sanin kamannin mai shi ba. Na zaci wani abu ne kamar ɓauna. Wani yaronka dogo, mai haƙuri, da ya ji na ambaci Jawa, ya hiddo waya ya gwada mani hoto. Ya ce can tsibiran gabas, cikin dajin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, akwai irin karkanda ƙarami, kuma da alama nawa daga can yake. Na ga abin da idona. Ja-ja ne, da gashi kamar ɗan maraƙi, shina kwance cikin taɓo ya lumshe ido, sai ka ce dorinar bakin Kwara da ta ƙoshi da shinkahwar mutane. Ya ce ganye yake ci da 'ya'yan itace da sunka hwaɗo, shina neman wurin gishiri kamar shanun Hulani, kuma shina wani kuka siriri kamar hito. Ya sa na ji. Dabba mai wanga jiki da muryar jinjiri. Na ce ya sake sawa, ya sake.

Ya ce kuma ƙahon ba ƙashi ba ne, da shi da akaihwar yatsana abu guda ne. Wagga magana har yanzu ina juya ta. To in haka ne, don mi anka ƙare su saboda shi?

Ni dai abin da ungozoma ka tambaya shi na tambaya. Cikin macen wata nawa yake yi? Ya ce ya wuce shekara da watanni. Guda take haihwa, ta yi shekaru kahin ta sake. Sa'an nan ya hwaɗa mani abin da ya hana ni sukuni: wai sun yi kaɗan har mace ta kan yi ta yawo cikin daji ba ta gamu da namiji ba, kuma in ta daɗe ba ciki, sai wani ƙari ya hito mata cikin mahaihwa, ko ta gamu da shi daga baya ba ta ɗauka. Ranka shi daɗe, na san wagga cuta. Na taɓa ta da hannuna ga matan mutane. Ban san dabba ma tana yin ta ba.

Sauran tambayoyina yaron bai da amsa, shi ya sa na kawo su gare ka. Tsaye take haihuwa ko kwance? Tana cin mabiyiya kamar akuya? In ɗan ya zo da ƙahwa, wa ka taimake ta cikin wancan daji? Nononta biyu ne ko huɗu? Kuma ƙahon nawa, na mace ne ko na namiji, ana iya ganewa?

Na huɗu, kukana. Ramatu ta shiga watanta. Cikinta na hwari bai zo da rai ba, lokacin ina kwance ba lahiya, ban je ba. Uwarta, ɗiyata, ta rasu. Yarinyar ta sa ma ranta cewa don ba ta sha cikin ƙahon ba ne. Na hwaɗa mata ba haka ba ne, malam ma ya hwaɗa mata, amma tsoro ba ya jin wa'azi. Har yau ban gaya mata an amshe shi ba. Kullum ta aiko a tambaye ni ko na wanke shi na aje kusa.

Na gane dokarku, kuma tun da na ga wancan hoto ban ga laihinta ba. Amma dabbar da anka cire ma wanga ƙaho ta mutu tun ba a haihi uwata ba. Kulle shi cikin akwatin biro ba ya ƙara masu ɗa ko guda.

Ga roƙona. A ara mani shi rana guda, ranar da naƙuda ta tashi. In kuna tsoron in gudu da shi, ku sa mace daga cikin ma'aikatanku ta riƙo shi, ta shigo ɗaki tare da ni, ta koma da shi da hannunta. Kada a ƙone shi, don na ji ana ƙonewa. A kuma aiko mani amsar tambayoyina, ko da baki ne.

Bayan Ramatu ta sauka, in kuna da hanyar da ke kai kaya can tsibiran, ku aika shi wurin masu kula da waɗancan matan karkanda. Su zuba ruwa, su yi bisimilla, su ba wadda ciki ya ƙi zama gare ta. Mu mun ci moriyarshi zuriya huɗu, su ne masu shi, kuma yanzu sun hi mu bukata.

Allah shi ƙara maka girma, shi tsare ka da sharrin daji da na gari, shi sauki matan gidanka lahiya.

Wassalam.

Maimuna ungozoma, Garu.