Maigidana na dafa kwanson harsashi a tukunyar miyata

Gogo Biba, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Riyad, muna zaune a unguwar Shifa. Ni aka ɗauko aiki, saboda haka maigidana, Baban Sumayya, a ƙarƙashin igamata yake zaune, wato takardata ta izinin zama. Murafik ake kiran irinsu a nan, ɗan rakiya, ba shi da izinin aiki. Malamin lissafi ne a Kaduna kafin ya ajiye alli ya biyo ni. Ban musa ba, shi ke kai yarinya makaranta, shi ke cefane.

Bara wani abokinsa, Maulud, ya ja shi nadin harbi, kulob ɗin da ake ba mutum hayar ƙaramar bindiga ya yi ta huda kwali. Ba ma tsayawa wuri ɗaya suke ba, a ruga nan a harba, a durƙusa can a harba, agogo na ƙirga musu lokaci. Tun ranar na rasa miji na sami soja. Mutum da furfura a gemu, tumbi ya fara leƙowa, ya sayo ɗamara mai aljihuna, da kube, da tabarau ruwan ɗorawa, da abin toshe kunne kamar matuƙin jirgi. Bindigar atisayen gida kuwa ta roba ce, shuɗiya, tunda ta gaske ba ta fita daga nadi. Ya lilliƙa kwalaye a bangon falo har da ƙofar firij. Zan dawo aiki ƙafafuna a kumbure, in ji agogon ƙirga lokacinsa ya yi tit! sai ga ƙato ya faɗo daga bayan labule yana auna firij. Har wa'azi yake mana ni da Sumayya, wai ba a ɗora yatsa a kan kunamar bindiga sai an tabbatar da abin da ke gaba. Kunamar roba fa, Gogo!

Wai ya zo na uku a wata gasa, ya dawo da ɗan ƙarfe mai igiya ya rataye a ƙusa. Ya so in je kallo, na ce ina da abin yi.

Duk wannan na shanye. Sai ya fara kallon wasu Turawa a waya, masu tattara kwanson harsashin da aka harba su sake ɗura shi a garejinsu. Shi ke nan, ya fara tsinto kwanso daga nadi yana cusawa a safa. Ranar nan na shigo kicin na tarar yana dafa su a tukunyar miyata da lemon tsami, wai su yi ƙyalli, wasu kuma ya baza a farantin da nake shanya kuɓewa. Na tambaye shi inda zai samo albarushi a ƙasar nan, ya ce Allah zai kawo hanya, shi dai shiri yake.

Shekaranjiya ina tsakiyar aiki aka kira ni daga kamfanin da ke kawo saƙo, wai kayana na tsare a kwastan, in je in yi bayanin abin da zan yi da shi. Injin ɗura harsashi ne, Gogo! Ya yi odarsa daga waje da sunana da lambar igamata, wai tawa ta fi ƙarfi. Wallahi tsoro nake ji. Na ga waɗanda aka sallama a kan abin da bai kai wannan ba. Shi kuwa ya daina cin abinci, ko tit ɗin ban ƙara ji ba.

A wayata akwai manhajar gwamnati da nake kula da takardunsa. In na danna wuri guda na yi masa huruj niha'i, fitar da babu dawowa. Tun jiya nake buɗewa ina rufewa. Shin in danna in ce wa kwastan mai laifin ya tafi?

Wadda ta gaji, daga Shifa

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya.

Bari in fara da janar ɗinki. Malamin lissafi guda ya zauna ya lissafa komai, ya manta ƙasar da yake ciki. Turawan da yake kallo a garejinsu suke, a ƙasarsu, da dokar da ta yarje musu. Shi baƙo ne a gidan haya, kan takardar matarsa, amma ya ga ya dace ya buɗe masana'antar makamai tsakanin risho da kwandon albasa. Tsince-tsincen kwanso wauta ce. Sa sunanki ba da saninki ba kuwa cin amana ne, ki faɗa masa haka da bakinki, kada ki sassauta.

Amma fitar da shi ba za ta wanke ki ba. Sunanki ne a jikin kwalin. Mace ta kori mijinta daga ƙasa a makon da aka tsare mata irin wannan kaya, me kike tsammani jami'i zai ɗauka? Ni ba lauya ba ce, don haka ku ga lauya a satin nan kafin ku taka kwastan. Ku je tare, ya riƙe katinsa na nadi, ya buɗe baki ya ce shi ya yi oda, bisa jahilci, a mayar da kayan ko a lalata. Kwanson nan kuma kada ku kuskura ku zuba a kwandon sharar gida. Ku tambayi lauyan yadda za a mayar wa nadi kayansu. Tukunyar ki jefar, ta gama aiki.

Saura ke. Wasiƙarki ta ba ni dariya, sai dai na lura kin ƙirga furfurarsa da tumbinsa, cefane da kai yarinya makaranta kuwa layi ɗaya kika ba su. Mutumin da ajin yara ke miƙewa in ya shigo ya koma ɗan rakiya saboda ke. Ya samo wuri ɗaya a garin nan da ake kiran sunansa ba a haɗa da naki ba, ya zo na uku, kika ce kina da abin yi. Gasar nan wasa ce ta halal muddin a nadi ta tsaya. In ƙurar ta lafa ki bar shi ya koma, sharaɗi ɗaya: ya shiga da safa babu komai, ya fito da ita babu komai. Gasa ta gaba ki ɗauki Sumayya ku je.

A duk gidan nan abin da ke da harsashi a ciki ɗaya ne, wayarki, kuma uban 'yarki ne a gabanta. Wa'azin da kike wa dariya ke ya dace da shi yau. Ki ɗauke yatsanki.

Allah ya fitar da ku lafiya, ku ukun.

Gogo Biba