Saƙon Lado da Ya Maƙale a Rediyon Mota

Karare, ta Batsari,
9 ga Yuni, 1979.

Ƙanwata Zuwairatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya can Fatakwal, ke da maigidanki Malam Sammani da yara. Allah Ya ƙara mana haƙurin rashin da muka yi. Nan ruwa ya sauka, an gama shukar gero. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, sai dai kunnen yana ƙara nauyi. Tun da na zo sadakar arba'in ɗin ƙanenmu Lado ban koma aiki Kaduna ba, dalilin ne kuma zan gaya miki.

Kin san akori-kurar da yake jigilar gyaɗa da ita tsakanin Runka da Batsari. Ran da na tayar da ita na taɓa rediyon, sai na ji murya tana kakkarwa. Ashe sati biyu kafin zazzaɓin ya kama shi ya ɗauki maganarsa a kaset don ya aiko miki, tunda shi bai taɓa damuwa da rubutu ba. Ya sa a rediyon motar ya ji yadda ta fito, kaset ɗin ya maƙale. Matarsa Ma'u ta ce kullum cewa yake gobe zai kai gyara. Sifikun motar kuwa takardarsu ta yage, ba a gane komai.

A nan na yi kuskure. Saboda kunnen Inna, na sayi manyan sifiku biyu ranar kasuwar Batsari, an rubuta wat ɗari a jikin kwalinsu. Na ɗauka yawan lambar shi ne ƙarfin muryar. Aka ɗaura, na zaunar da Inna a gaban mota, matan gida suka kewaye. Muryar ta fito can ƙasa-ƙasa. Na murɗa har ƙarshe, sai ta fashe ta koma gurnani. Inna ta saurara, ta ce wannan ba ɗanta ba ne, mu ji tsoron Allah mu daina yi mata wasa da mamaci. Kwana uku ko fura ba ta sha da kirki ba.

Na kai motar Katsina wurin wani mai gyaran rediyo, Malam Sahabi. Ya leƙa bayan rediyon, ya ce wat biyar kawai yake bayarwa kowane ɓangare, kuma babu amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara masa ƙarfi. Ya ce lambar kan kwali nauyin da sifika za ta iya ɗauka ne, ba abin da take fitarwa ba. Babbar sifika takardarta kauri gare ta, ƙaramin rediyo ba ya iya motsa ta, in an matsa masa sai sauti ya lalace. Ya yi mini dariya, ya ce duk karatuna na ɗaura wa maraƙi garmar bajimai. Ya sa ƙanana masu wat goma, ya kuma gargaɗe ni kada a ja kaset ɗin da ƙarfi, zaren ya riga ya yi rauni.

Da na dawo Inna ta ce ba za ta sake ji ba, ban matsa mata ba. Jiya bayan la'asar na tsayar da motar a ƙofar gida, na kunna don in gwada ni kaɗai. Lado ya yi gyaran muryar nan tasa, ya yi sallama, tar kamar yana zaune kusa da ni. Sai ga Inna ta fito ba takalmi, faifan tsaba a hannunta. Ta tsaya a tagar mota ta amsa sallamar. Ya tambaye ki gajiya, ta amsa. Ya tambayi yara, ta ce suna lafiya lau. Da ya ce bayan kaka zai zo Fatakwal ya kawo miki man gyaɗa, ta ce Allah Ya kai mu. Magana ta ƙare, zaren ya ci gaba da juyawa shiru. Ta jira, sannan ta tambaye ni ko ya gama. Na ce ya gama. Ta ce da ma shi ba mai doguwar magana ba ne.

Sahabi ya ce kowane juyi yana cin zaren, ba ya jin zai jure fiye da sau biyu ko uku. Na ce wa Inna ko a sake kunna mata. Ta ce a'a, ta riga ta amsa gaisuwar da ba tata ba, saura a bar wa mai shi. Na cire wayar batir, na kulle motar. Ki roƙi Malam Sammani ya bar ki ki zo, Zuwairatu. Ba zan rubuta miki sauran abin da Lado ya faɗa ba, gara ki ji daga bakinsa.

Inna da Ma'u da Gwaggo Hansai suna gaishe ki. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan 'yarki A'isha. Allah Ya jiƙan Lado, Ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Salmanu