Tsinin da Ya Yi Mana Ƙarya

Maartje, sanyin idona, ranar da ke keto hadarin garin Delft, furen da ya riga bazara buɗewa!

Ina rubuto miki abin da na ɓoye miki. Kin tuna ranar da tsinin nan na zanen awo ya miƙe a allon kwamfutar ɗakin gwajinmu, daga siririyar wayar da kika sanyaya har lantarki na ratsa ta ba cikas? Kika yi tsalle kika ture mini kofi a wando, kina cewa, "Wietse, tashi, malalaci! Ga ƙwayar Majorana da muke nema, ƙwayar zarrar da hayaniyar lantarki ba ta taɓawa! Kwamfutar kwantum, wadda za ta fi duk na yanzu ƙarfi, ta kusa!" Muka hau keke cikin ruwan sama muna ihu kamar yara. Wace tauraruwa ce ta kai idanunki haske a ranar?

Kin ce in maimaita gwajin kafin ki gabatar da shi a taron masana na birnin Kopenhagen. Na maimaita, abar ƙaunata. Na gwada wata waya gajera, wadda ba yadda za a yi ƙwayar ta zauna cikinta, sai ga tsinin nan ya sake miƙewa, sak naki. Datti ne a jikin wayar yake kwaikwayonta. Shekarun da kika ba ta, ba ita kika kama ba.

Tun Litinin na sani. Jiya kika shigo da kek ɗin tuffa na murna, kika yanko mini mafi girma, kika ce, "Ci, kai ne shaidata." Na ci, Maartje! Na cinye har ɓurɓushi, ina murmushi. Wane irin masoyi ne zai ga tsuntsuwarsa ta nufi gilashi ya tsaya yana kallon kyan fiffikenta?

Ba wanda na faɗa wa, ko shugaban ɗakin gwajinmu. Aikinki ne, ke ya kamata ki fara ji, kuma na jinkirta miki shi saboda tsoron fuskarki.

Kada ki hau jirgin Kopenhagen na Juma'a da hoton tsinin nan, ina roƙon ki. Gara ki tsane ni a nan da a yi miki dariya a can. Wayoyin biyu na cikin firjin gwaji, ki zo ki auna da hannunki. In kin ga dama ki zage ni gaban kowa, zan riƙe miki kujera.

In kin ce mu faro daga farko, ni ne mai wanke miki gilasai har furfura. In kin ce in tafi, zan tafi, amma zuciyar ba za ta biyo ni ba.

Naki, ko kin yafe ko ba ki yafe ba,
Wietse