Ƙahon da ake yi wa Babana a ɓoye

Salama gare ku 'yan gida. Admin ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ƙulle.

Ni ce auta a gidanmu, muna zaune a Unguwar Boro, ni da Baba kawai tun da Mama ta rasu. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, harshensa ya yi nauyi, idan yana magana da ƙyar wani ke ganewa in ba ni ba. Don haka duk ranar asibiti ni ce bakinsa, likita ya tambaya, Baba ya amsa, ni in fassara. An ɗora shi kan maganin tsinka jini, ana kuma kai shi gashi, kuma likita ya ja mana kunne cewa ko aski za a yi masa a kiyaye reza, don jininsa ba ya saurin tsayawa.

Wata da watanni Baba ya juya wa duniya baya, ko 'yan coci sun zo addu'a sai ya kalli bango. Sai ga wani tsohon abokinsa, zan kira shi Malam Sale, tare suka yi aikin masaƙa, da aka rufe ya koma wanzancin gidansu. Tsoho ne tukuf, amma haka yake tsallako gada daga Tudun Wada da jakarsa. Ranar da ya fara zuwa na ji Baba ya yi dariya, sai da na shige kicin na yi kuka. Ashe ƙaho suka shirya, wai a zuƙe mataccen jini ƙafa ta saki. Suna yi suna tsokanar juna, bayan nan Baba ya ci tuwo, har atisayen motsa jiki da ake fama da shi a kai ya yi ba musu.

Zuwan da ya wuce jinin ya ƙi tsayawa bayan tafiyar Malam, ya jiƙa riga ya jiƙa zanin gado. Na ce wa Baba zan gaya wa Malam ya riƙa zuwa hira kawai. Ya yi fushin da ban taɓa gani ba, ya ce shi ba ya son zuwan dubiya, kowa tausayinsa yake ji, Malam ne kaɗai ke taɓa shi kamar mutumin da zai tashi. Ya hana ni faɗa wa Malam, ya hana ni faɗa wa likita. Yayana na Abuja kuwa na san halinsa, in ya ji labari, Malam ba zai sake taka ƙofar gidanmu ba.

Satin da ya wuce likita ya ce jinin jikin Baba ya ragu, ya tambaya ko akwai wani abu da ake yi masa a gida. Baba ya damƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, yana kallona. Na ce babu.

Malam zai dawo ranar Asabar. In na yi shiru ina tsoron jinin nan ya tafi da shi, in na yi magana na ci amanar mutumin da ba shi da baki sai nawa. Ku da kuka taɓa jinyar iyaye, wa zan fara tunkara, likita ko Malam? Kuma da wane ido zan kalli Baba bayan nan?